"Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne": ta dace da kulob ɗin da ke bari a ci shi da gangan?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Karin maganar da na kawo mana yau ita ce "ja da baya ga rago ba tsoro ba ne". Kowa dai ya san rago in zai yi karo sai ya ja baya tukuna ya tattaro ƙarfi sannan ya kawo kai. Abin da ya tuno min da ita ƙwallon Amurka ce, ba irin tamu ba, waccan da ake sa hular kwano ana rungumar ƙwallo ana gudu, gasar NFL. Su tsarinsu daban ne, kulob 32 ne kuma babu zancen faɗawa rukunin 'yan dagaji, ko duk wasanninka aka cinye ka baɗi kana nan daram. Sannan duk shekara wajen watan Afrilu akwai abin da suke kira diraf, wato zaɓen sabbin 'yan wasan da suka fito daga jami'o'i, zagaye 7 ake yi, kuma kulob ɗin da ya zo kashin baya shi ke fara zaɓe, zakara kuma sai a ƙarshe. To shi ne ake zargin wasu in sun ga kakar ta lalace sai su saki jiki a yi ta lallasa su don su samu yaron da ya fi kowa. Ni dai a ganina wannan ja da bayan rago ne, dabara ce ba ragwanta ba. Me kuka gani?

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin a kai ga ƙwallo bari mu tsaya kan maganar kanta, don mutane na yawan ɗora ta inda ba wurinta ba. Duk wanda ya taɓa kallon karon raguna ya san abu biyu. Rago yana ja da baya ne faɗan na ci, idonsa na kan abokin karonsa, bai bar fili ba. Kuma nan take yake dawowa, ba wai ya tafi gida sai baɗi ba. Ba a taɓa ganin rago ya tsaya ya miƙa ƙeya a yi ta dukansa wai yana shiri. Don haka ni tambayata ita ce, su waɗannan kulob ɗin, janyewa suke yi ko kwanciya suke a taka su?

Ɗan Zangon Kumasi:
Malam ka yi tambaya mai kyau. Ni na daɗe ina bin gasar nan, bari in faɗi dalilin da ya sa abin ke da kwaɗayi. A wannan wasan akwai mutum ɗaya da ake kira kwatabak, shi ne mai jefa ƙwallo kuma shi ke jan ragamar hari gaba ɗaya, in ka samu gwani to shekara goma ka huta, in ba ka samu ba ko wa ka tara a fili wahala za ka yi ta sha. Kuma tun 2011 aka ƙayyade albashin sabbin yara. Sam Bradford da aka fara zaɓa a 2010 ya sa hannu kan dala miliyan 78 na shekara 6, amma Cam Newton da ya biyo baya a 2011 kusan miliyan 22 ya samu na shekara 4. Kaga gwani a farashi mai sauƙi, ragowar kuɗin ka sayi masu taya shi. Misalin da aka fi bayarwa shi ne Indianapolis Colts, a 2011 suka ci wasa 2 aka ci su 14, suka ɗauki Andrew Luck a 2012, shekara uku a jere suna cin wasa 11 cikin 16. To amma gaskiya su ba da gangan suka fara ba, kwatabak ɗinsu Peyton Manning ne aka yi wa aiki a wuya bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar. Ni da za a tambaye ni sai in ce tasu faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Baban Khalifa:
Ai ni wallahi ban yarda da dabarar nan ba ko kaɗan. Ku dubi Cleveland Browns, a 2016 wasa 1 suka ci cikin 16, a 2017 ko ɗaya ba su ci ba, duka 16 aka cinye su. Shekara biyu a jere su ke fara zaɓe, suka ɗauki Myles Garrett sannan Baker Mayfield. Garrett ya zama gwani ba musu, sun kuma samu shiga wasannin fidda zakara a kakar 2020, amma kofin fa? Har yau ba su taɓa zuwa wasan ƙarshe na Super Bowl ba, Mayfield ɗin ma a 2022 suka rabu da shi. Shekara biyu magoya baya na sayen tikiti suna zama cikin sanyin Cleveland ana cinsu, ina karon da ragon ya dawo ya yi? Sannan shi zaɓen nan ba tabbas gare shi ba. Raiders sun ɗauki JaMarcus Russell na farko a 2007, shekara uku kacal ya yi aka sallame shi. Tom Brady kuwa shi ne na 199 a 2000, kofi 7 ya ɗauka. Patrick Mahomes na 10 ne a 2017 kuma Kansas City ba su zubar da kaka don su same shi ba, suna cikin masu ƙarfi a lokacin, musaya suka yi suka hauro daga na 27.

Hajiya 'Yar Zariya:
Ku yi haƙuri in sa baki. Duk kuna cewa rago rago, amma ba wanda ya ce wane ne ragon. Kulob ba mutum ɗaya ba ne. Akwai mai kulob da 'yan ofis, akwai koci, akwai 'yan wasa, kuma buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Mai kulob zai iya jiran shekara uku don ba wanda zai kore shi. Ɗan wasa fa? Mutum 53 ake riƙewa, yawancinsu ba duka kuɗin kwantiraginsu ke da tabbas ba, ana iya sallamar mutum a wayi gari ba shi da aiki, kuma bidiyon wasansa shi ne abin da wani kulob zai duba ya ɗauke shi. Ta yaya za ka ce masa ya yi sakaci don a kawo yaron da zai ƙwace masa gurbi? Balle wasa ne na karo da jiki, in ka sassauta kai za a karya.

Abin da ya faru a Miami Dolphins a 2019 ya nuna haka. Ofis ya sayar da manyan 'yan wasa irin su Laremy Tunsil da Minkah Fitzpatrick, wasan farko Baltimore ta ci su 59 da 10, na biyu New England ta ci su 43 da nema, wasa 7 na farko duk an ci su. Kowa ya ce shikenan na farko nasu ne. Sai koci Brian Flores da yaransa suka ƙi, suka ci 5 cikin 9 da suka rage har da doke New England a gidanta ranar ƙarshe. Sai Cincinnati ta samu zaɓen farko ta ɗauki Joe Burrow, Miami ta koma ta 5 ta ɗauki Tua Tagovailoa. Bayan an kori Flores, a Fabrairun 2022 ya shigar da ƙara, cikin abin da ya faɗa har da cewa mai kulob ɗin Stephen Ross ya yi masa tayin dala 100,000 kan duk wasan da aka ci su. Binciken NFL ya ce kulob ɗin bai zubar da wasa da gangan ba kuma ba a ɗauki maganar kuɗin a matsayin tayi na gaske ba, amma ya tabbatar Ross ya sha faɗin cewa matsayinsu a zaɓe ya fi cin wasa muhimmanci. Tarar dala miliyan 1.5 da aka ci shi kan wani laifi ne daban, zawarcin Tom Brady da koci Sean Payton ba bisa ƙa'ida ba. To kun gani, na ofis ne ke ja da baya, amma na fili ne ake yi wa karon.

Ɗan Fagge:
Hajiya na ji, amma ga wanda ragon ya dawo. Philadelphia Eagles, 3 ga Janairun 2021, wasan ƙarshe da Washington, ana 17 da 14 koci Doug Pederson ya cire kwatabak ɗinsa Jalen Hurts ya sa Nate Sudfeld wanda shi ne na uku a layi, aka tashi 20 da 14 an ci su. Wannan ya ɗaga su daga na 9 zuwa na 6 a zaɓe, suka yi musaya da shi daga baya suka ɗauki DeVonta Smith a na 10. Shekara biyu bayan nan suna Super Bowl, a Fabrairun 2025 kuma suka ɗauki kofin, 40 da 22 suka yi wa Kansas City, Smith ɗin ma ya ci a wasan. In wannan ba ja da bayan rago ba ne to mene ne?

Hajiya 'Yar Zariya:
Ƙanina wa aka ba gwarzon wancan wasan na Super Bowl ɗin 2025? Jalen Hurts, wanda aka cire ɗin, kuma shi a zagaye na biyu aka zaɓe shi, na 53, ba sai da aka zubar da komai ba. Pederson ya ce shi don ya ci yake wasa, yana so ne ya gwada Sudfeld, amma kwana 8 bayan nan aka sallame shi, mutumin da ya kawo musu kofinsu na farko a 2018. Kuma akwai haƙƙin wasu a ciki, da Eagles sun ci da New York Giants ce za ta wuce wasannin fidda zakara maimakon Washington. Wannan ne ya fi damuna, wasan da kai ka ɗauka ba shi da amfani wani da shi ya dogara.

Mai Shayin Tasha:
To ko "durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne" ta fi dacewa?

Malamin Firamare:
A'a ɗan'uwa, waccan maganar ƙanƙan da kai ce, babba ya sauko ya nemi abu wajen wanda bai kai shi ba, ba yaudara a ciki, kowa na ganin ka durƙusa. Ita ma ta ragon haka take, ja da bayansa a fili yake yi gaban kowa. Daga bayanin da Hajiya ta yi ni na ga abu biyu ne ake haɗawa. Akwai kulob ya sayar da tsofaffin 'yan wasa ya tara damar zaɓe ya ba yara dama, ya gaya wa magoya baya bana sai haƙuri, amma duk wanda ya shiga fili iya ƙarfinsa yake yi. Wannan zan iya ɗora masa karin maganar. Akwai kuma a shiga wasa an riga an ƙulla a ci mu, ga mutane sun biya kuɗi sun zo kallon gasa. Wannan cin amana ne, kuma Bahaushe bai yi wannan karin maganar don ta zama mayafin cin amana ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Malam haka ne, sai dai tsarin ne ke saka wa mai faɗuwa. Ku tuna Houston Texans a Janairun 2023, wasan ƙarshe suka doke Colts 32 da 31 a daƙiƙun ƙarshe, cin da ya sa zaɓen farko ya kuɓuce musu ya koma Chicago, a ranar aka kori koci Lovie Smith. Ikon Allah kuma wanda suka ɗauka a na biyu, C.J. Stroud, ya fi Bryce Young da aka fara ɗauka haskawa a shekararsu ta farko, har suka lashe rukuninsu. A ƙwallon kwando ma an sha wannan rigimar kuma da ɗan Najeriya a ciki, a 1984 an zargi Houston Rockets da sakin wasanni, suka samu zaɓen farko suka ɗauki Hakeem Olajuwon haifaffen Legas, shekarar da ta biyo baya NBA ta kawo tsarin ƙuri'a don kar na ƙarshe ya zama yana da tabbas. A 2019 suka sake gyarawa, kulob uku na ƙasa kowa kashi 14 cikin 100 ne damarsa. Har tara suna ci, Mark Cuban, mai kulob ɗin Dallas a lokacin, ya biya dala 600,000 a 2018 don ya fito ya ce faɗuwa ce ta fi musu. NFL ce har yanzu ba ta da ƙuri'a.

Baban Khalifa:
Shi ya sa na fi son tsarinmu. Ranar da Kano Pillars ta faɗa rukunin 'yan dagaji a 2022 ba wanda ya ce dabara ce, kowa baƙin ciki ya yi, aka koma aka fafata aka dawo a 2023. Leicester da ta ɗauki Firimiya a 2016 ta faɗa a 2023. In akwai faɗuwa ba mai wasa da wasan ƙarshe.

Ɗan Fagge:
Baban Khalifa amma a tsarin namu ƙaramin kulob yaushe zai samu yaro irin Burrow? Masu kuɗi ne ke kwashe su tun suna ƙanana. Cincinnati wasa 2 ta ci a 2019, Fabrairun 2022 tana wasan ƙarshe, 23 da 20 Rams ta sha da ƙyar. Ni ina nan kan bakana ga masu sayar da tsofaffi su gina sabo, na Pederson ne dai zan bar wa Hajiya.

Hajiya 'Yar Zariya:
To ka ƙara da Cincinnati ɗin ma a cikin hujjata, don a watan Disambar 2019 da suka haɗu da Miami, kowa ya san in an ci su zaɓen farko nasu ne, ana gab da tashi an ba su ratar maki 16 amma suka farke duka, sai a ƙarin lokaci aka ci su 38 da 35, sati na gaba kuma suka doke Cleveland. Su faɗa suka yi har ƙarshe, ƙarfinsu ne bai kai ba. Ɗan Kumasi, in an kawo ƙuri'ar a NFL kulob nawa kake ganin ya kamata su shiga, uku na ƙasa ko duk wanda bai wuce ba?