Juyen man giyabos da aka gyara: a jira kilomita ko a bi lissafin watanni?

Maganar ta taso ne a wani gareji a Birnin Kebbi, kan motar da aka sabunta mata giyabos amma ba ta cika fita ba: yaushe za a juye man giyabos ɗin, bayan ta ci wasu kilomita ko bayan wasu watanni? Mafi yawan makanikai suka ce a bi wata, kada a jira kilomita. Sababbin faifan kulochi na cikin giyabos kan zubar da ɗan gari cikin mai yayin da suke zama, shi ya sa juyen farko da canjin filta ba sa son jinkiri. Ga zafin Afrilu da kan wuce digiri 40, mai kuwa da zafi yake tsufa.

Wani dattijo ya ce a fara zaro sandar awon man giyabos: jan mai lafiya lau, in ya yi baƙi yana ƙauri, a juye yau. Ni dai na fi karkata ga masu cewa a bi wata, musamman in akwai garanti.