"Hali zanen dutse": yaushe ake gama zanen?

Mai Tambaya: Salamu alaikum. Jiya muka yi musu da yayana a kan ƙaninmu mai shekara 16. Yau ya ce likita zai zama, gobe ya ce ƙwallo, jibi ya kulle ɗaki ba ya kula kowa. Yaya ya ce a ƙyale shi, hali zanen dutse ne. Ni kuwa yaron da na sani ba haka yake ba. Karin maganar nan tana nufin mutum ba ya sauyawa ke nan har ya mutu?

Dattijo: Wa alaikumus salam. Ɗana, ma'anarta a fili take: abin da aka zana a dutse ruwa ba ya wanke shi. Shi ya sa aka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Marowaci a shekara 10 marowaci ne a 70, sai dai ya iya ɓoyewa.

Malamar Aji: Baba, a gafarce ni, ai maganar iccen ta yarda akwai lokacin tanƙwarawa. To yaushe iccen yake bushewa? Erik Erikson, masanin halayyar ɗan Adam da aka haifa a Frankfurt ta Jamus a 1902, yana ganin ba ya gama bushewa sai rai ya fita. A 1950 ya kasa rayuwa matakai 8, kowanne da irin ja-in-jarsa. Jariri yana koyon ko duniya abar yarda ce, gwargwadon yadda ake ɗaukarsa in ya yi kuka. Ɗan shekara 2 kuwa "ni zan yi" ce waƙarsa. Tawa 'yar sai ta sa takalmi a juye, in ka taɓa ta fasa ihu, kuma in ka cika hana ta, kunya da shakkar kai za ka dasa mata. Ƙanin naka yana mataki na 5, wajen shekara 12 zuwa 18, inda tambayar ita ce "ni wane ne?" Gwada riguna yake yi ya ga wacce za ta zauna masa.

Mai Gardama: Malama, ki ƙarasa labarin mana. Erikson bai taɓa sanin mahaifinsa ba. Da sunan mijin uwarsa, Homburger, ya tashi, sai a 1939 da ya zama ɗan Amurka ya raɗa wa kansa Erikson. Mutum ya ɗauki ciwonsa ya ce na kowa ne. Kuma shekarun nan ba awon gwal ba ne. Wanda ya ɗauki nauyin gida yana ɗan 15, ina ya ga lokacin gwada riguna?

Malamar Aji: Maganar shekaru na ba ka gaskiya. Amma wanda bai gwada a 15 ba, sau da yawa a 40 tambayar "ni wane ne?" take taso masa.

Dattijo: To, bari in faɗi wata a kan kaina. Washegarin da na yi ritaya, na tashi na shirya tsaf, har na ɗauki jaka, sannan na tuna babu inda za ni. Na zauna a bakin gado, hula a hannu, na fi rabin awa. Shekara 35 in an ce wane ne kai, aikina nake faɗa. Amma fa saurin fushina yana nan inda yake, jikokina shaida ne. Hali daban, abin da mutum yake ɗaukar kansa daban. Ban janye ba.

Malamar Aji: Baba, ai wannan zaman bakin gado shi ne ƙofar mataki na 8: a waiwaya baya, ko a samu natsuwa ko a cije yatsa. Matar Erikson, Joan, da ta haura 90, har na 9 ta ƙara, don ta ga tsufa tukuf yana sake taso da tsofaffin tambayoyin, musamman na yarda da jiki da dogaro da wasu.

Mai Gardama: Ni abin da ke ba ni haushi, yawanci sai an gaji da mutum ake jefa masa wannan karin magana. Hanyar wanke hannu ce.

Dattijo: A'a, ana faɗarta a yabo. Mai kyauta ya talauce bai daina ba, sai ka ji an ce hali zanen dutse.

Mai Tambaya: Na gode. Yanzu ma ya fito daga ɗakin, wai tuƙin jirgin sama zai koya. Yaya bai ji ba tukuna.