Fawa mai kyau ko katin girafik mai ƙarfi, wanne zan fifita?

sabon_shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ba ni shawara. Karo na farko ke nan da nake haɗa kwamfuta da hannuna, na riga na sayi furosesa Ryzen 5 5600 da madabod da RAM 16GB, saura katin girafik da fawa (na'urar da ke ba kayan kwamfuta wuta), kuma kuɗin ya ja baya sosai. Zaɓi biyu gare ni. Ko in ɗauki RX 6700 XT na hannu in haɗa shi da wata fawa mai arha da aka rubuta 700W a jikinta (sunan kamfanin ma ban taɓa jin sa ba), ko in sauko kan RX 6600 sabo in samu fawa 550W ta kamfanin da aka sani. Gaskiya zuciyata tana kan 6700 XT ɗin don gem zan riƙa bugawa, ita fawa ai wuta kawai take bayarwa ko? 700 kuma ya fi 550.

mai_gyara:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kafin komai juya fawar nan ka duba takardar da ke manne a gefenta, ka nemi layin +12V ka ga amfiya nawa aka rubuta ƙarƙashinsa. Kati da furosesa duk daga 12V suke sha, in ka ga 30A to 360W ke nan kawai, sauran lambar an cike ta ne da layin 5V da 3.3V waɗanda kwamfutar yanzu ba ta cika amfani da su ba. Shi 6700 XT 230W yake ja, AMD masu ƙera shi da kansu fawa 650W suka ce a sa masa, kuma katunan nan sukan fizgi wuta fiye da haka na ɗan ƙiftawar ido. Fawar kirki tana da kariya, in abu ya wuce kima sai ta kashe kanta. Maras kyau ba ta san wannan ba.

Na taɓa karɓar wata kwamfuta da irin wannan ta ƙone a ciki, da na ɗaga fawar sakayau kamar fanko, na buɗe na tarar kafasito biyu sun kumbura, ƙauri duk ya cika akwatin. Ba ta tafi ita kaɗai ba, da madabod da SSD ta tafi. Mai ita yana tsaye a kaina yana tambaya ko za a iya ciro fayilolinsa, wallahi har yau ina jin abin a raina.

dogon_lissafi:
Na yarda da oga mai_gyara amma kar kuma a tsorata shi ya je ya zuba kuɗi a 850W Gold ya rasa na kati. Mu yi lissafi, RX 6600 132W, furosesarka ba ta wuce 76W, fanka da SSD da madabod a ce 50W, ka ga ko 300W ba ka kai ba. 550W ta ishe ka har da rara. Sannan tambarin 80 Plus ɗin nan da ake sa wa fawa mutane suna yi masa gurguwar fahimta, yana auna yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi ne kawai, Bronze kashi 85 a rabin lodi, Gold kashi 90. Bai ce komai kan ingancin kayan ciki ba. Ni waranti nake fara dubawa, in shekara 5 ne zuwa sama hankalina ya kwanta, sai in nemi bitar waɗanda suka gwada wannan samfurin takamaimai da na'ura, don kamfani ɗaya yakan fitar da mai kyau ya fitar da tarkace.

sabon_shiga:
Na gode ƙwarai. Na duba, 32A aka rubuta. Kuma kan kebul ɗin kati mai 8-pin guda ɗaya tal gare ta, 6700 XT ɗin yana son 8-pin da 6-pin, mai sayarwa ya ce zai ba ni adafta daga SATA (kan kebul ɗin da ke ba faifan ajiya wuta). Hakan zai yi?

mai_gyara:
A'a don Allah kar ka yarda. Kan SATA 54W yake iya ɗauka, ramin 6-pin kuwa an yi shi ne don 75W, robar narkewa take yi, na sha gani. Kuma fawar da ta ce ita 700W ce amma kebul ɗin kati ɗaya kawai aka sa mata, ai masu ita sun riga sun faɗa maka gaskiya. Ɗauki 6600 ɗin da 550W, a 1080p zai buga maka kusan duk gem ɗin da kake so lafiya lau. In kuwa ranka ya ƙi sai 6700 XT, ka haƙura wata ɗaya ko biyu ka tara na 650W mai kyau, kar ka kunna katin a kan waccan ko na gwaji ne.

sabon_shiga:
To shi ke nan Malam, 6600 zan ɗauka. Zan turo hoton takardar sabuwar fawar ku duba mini kafin in biya.