Muhawara: shin sodiyam da kansa yake sakin ilektiron?

Malam Auwalu: Assalamu alaikum malamai. Akwai jimlar da muke rubuta wa 'yan SS1 a allo duk shekara: wai sodiyam da kansa yake sakin ilektiron ɗaya domin ilektiron ɗin ɓawonsa na waje su cika takwas, da ya sake shi kuma sai ya samu natsuwa. Ni dai na ce wannan magana ba daidai ba ce, ya kamata mu daina koyar da ita haka.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Auwalu, ka ɗauko da zafi. Jeren ilektiron a ɓawo-ɓawo: sodiyam 2,8,1, kulorin 2,8,7. Wancan ya ba da ɗaya ya zama Na⁺, wannan ya karɓa ya zama Cl⁻, fozitif ya jawo negatif, gishiri ya samu. Tun kana firamare nake koyar da wannan, yara suna cin WAEC da NECO da shi. Ina aibinsa?

Malam Auwalu: Allah ya ƙara girma Malam, aibin yana cikin lissafi. Kafin a raba sodiyam da wannan ilektiron sai an zuba masa makamashi kilojul 496 a kowane mol (ma'aunin yawan zarra). Ƙwace shi ake yi. Idan kulorin ya karɓa, abin da ke fitowa 349 ne kawai. A ɗebe wannan daga wancan, saura giɓin 147. Da a nan labarin ya tsaya, da babu dalilin da zai sa gishiri ya haɗu.

Malama Rabi: To mene ne ke cike giɓin? Ni ma ɗalibata ta taɓa tambayata wannan.

Malam Auwalu: Haɗuwar ayon ɗin, wato zarra masu caji, Malama. Lokacin da Na⁺ da Cl⁻ suka matso suka jeru suka zama daskararren gishiri, kusan kilojul 787 ke fita a kowane mol. Kamar littafin ɗan kasuwa ne: ya zuba jari, cinikin farko bai mayar da uwar kuɗi ba, sai na ƙarshe ya kawo riba. Idan aka haɗa har da abin da ake kashewa wajen mai da sodiyam tururi da raba Cl₂ gida biyu, abin da ke fita a ƙarshe kusan 411 ne. Masana Born da Haber ne suka tsara wannan lissafi a Jamus a 1919.

Malam Garba: Na ji alƙaluma. Amsa min wannan. Me ya sa ba mu da Na²⁺? In dai jan fozitif da negatif ne kaɗai magana, ai caji biyu ya fi ɗaya ja.

Malam Auwalu: Domin ilektiron na biyu yana cin 4562.

Malam Garba: Madalla. Daga 496 zuwa 4562. Me ya kawo wannan tsalle in ba don an taɓa ɓawon da ya cika takwas ba? Ka ga ƙa'idar takwas da kake son mu yar ita ce zaune a cikin alƙalumanka. Kossel da Lewis da suka fito da ita a 1916 ba da ka suka yi ba. Da ita yaro zai san magniziyam biyu zai bayar, alminiyam uku, ya rubuta CaCl₂ da Al₂O₃ ba tare da hadda ba. Ka ɗauke masa wannan, da me zai shiga ɗakin jarrabawa?

Injiniya Nura: Ni ba malamin aji ba ne, amma a nan ina bayan Malam Garba. Yaron da bai gama gane mol ba, ina shi ina kilojul?

Malam Auwalu: Ban ce a yar da ita ba, Malam. Tana faɗa mana inda cirewa ke tsayawa, wannan gaskiya ne. Abin da ba ta faɗa ba shi ne dalilin da ya sa haɗin ke faruwa tun farko, mu kuma a matsayin dalili muke koyar da ita. Ga kuma ƙarfe: yana zama Fe²⁺, yana zama Fe³⁺, babu wanda ya cika takwas a cikinsu. Jan ƙarfe ma haka, Cu⁺ da Cu²⁺. Yaron da aka ce masa takwas ce doka, ran da ya iso nan sai ya ɗauka kemistiri hadda ce kawai, ya daina tambaya. Wannan shi ne abin da ke ci min rai.

Malama Rabi: Ku ba ni dama in shigo da abin da ya fi damuna. Zanen da muke yi, Na ɗaya da kibiya zuwa Cl ɗaya, yana sa yara su ɗauka gishiri ƙwayoyi ne bibbiyu, kowane sodiyam manne da kulorin ɗin da ya karɓi ilektiron ɗinsa. Alhali a cikin ƙwayar gishiri kowane Na⁺ yana da Cl⁻ shida kewaye da shi, kowane Cl⁻ yana da Na⁺ shida, kuma babu wanda ya fi wani kusa. Bragg da ɗansa sun nuna haka da hasken eksire a Ingila tun 1913. NaCl rabo ne kawai, ɗaya ga ɗaya. Yaron da bai san wannan ba, yaya zai gane dalilin da ya sa wuta sai ta kai digiri 801 kafin gishiri ya narke? Ba ɗauri ɗaya ake tsinkewa ba, dukan jeren ake girgizawa.

Malam Auwalu: Kin taɓo wurin, Malama. Ki ƙara da MgO, haɗin magniziyam da oksijin: caji biyu da biyu, sai ya wuce digiri 2800 kafin ya narke. A duka biyun ayon sun cika takwas, to me ya bambanta su in ba ƙarfin ja ba?

Malam Garba: Maganar zane na yarda da Rabi ɗari bisa ɗari. Na sha ganin takardun yara suna cewa in gishiri ya narke a ruwa yana komawa sodiyam da kulorin. Har wani uba ya taɓa tare ni yana tambaya, tunda kulorin guba ce, sodiyam kuma yana kama wuta a ruwa, yaya muke zuba su a miya. Sai da na zaunar da shi na bayyana masa cewa ayon daban, zarra daban, ilektiron ɗaya ya sauya halin kowannensu. Amma kai Auwalu, ina nan kan bakana. SS1 takwas za su fara koya. Lissafinka ya jira SS2, lokacin da suka shiga darasin makamashi.

Malam Auwalu: Ba sai an ba su lissafin ba, Malam. Jimla ɗaya ce za a gyara: cire ilektiron yana cin makamashi, haɗuwar ayon ce ke biya. Wannan ko ɗan SS1 zai ɗauka.

Injiniya Nura: A nuna musu da ido mana. Batir, waya, ƙaramin ƙwan fitila. A tsoma wayoyin cikin busasshen gishiri, ba zai kama ba, domin ayon suna ɗaure a jerensu. A narkar da shi a ruwa, zai kama. A gwada da sukari, shiru.

Malama Rabi: Ranar Alhamis ina da su, zan yi in sha Allah. Amma da ruwan distil zan yi, wanda aka tace ta hanyar tururi, domin ruwan rijiyarmu da nasa ayon a ciki, zai iya ɓata gwajin sukarin. Malam Auwalu, turo min alƙaluman nan a jere. Malam Garba, kai kuma ina roƙon tsoffin tambayoyin WAEC da ke wurinka kan wannan babi, in ga yadda suke so a amsa.

Malam Garba: Zan turo miki bayan la'asar.