Kwana uku na farko a teku: me zan tanada?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙarshen Nuwamba, in Allah ya kai mu, za mu tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa tsibirin Sent Lusiya a yankin Karibiyan, ƙetaren tekun Atlantika, mu huɗu a jirgin ruwa mai filafilai, wato mai tafiya da iska. Mil 2,700 ne na teku, tafiyar kusan sati uku, ni kuwa ban taɓa kwana biyu a jere ban ga tudu ba. Kwanakin farko ne ke tsaye mini a rai. Ku taimaka da shawara.

Tsohon Matuƙi: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kun zaɓi lokaci mai kyau, lokacin guguwar Atlantika yana ƙarewa da ƙarshen Nuwamba. Amma ka sani, tsakanin tsibiran nan iska takan matse ta ƙara ƙarfi farat ɗaya, tun ba ku yi nisa ba. Ku rage filafilai kafin magariba a daren farko, ko da sama ta yi garau. Rage su cikin duhu, jirgi na tangaɗi, rabinku na amai, wahala ce da ba dole ba.

Mai Gadin Asuba: Ni maganar jiri zan yi, don na sha shi. Kwana biyu cur ina rungume da bokiti, warin man inji kaɗai ya isa ya tayar mini da zuciya. Ranar ta uku na farka na ji yunwa, shi ke nan ya wuce. Haka yake ga yawancin mutane, jiki ne ke koyon motsin. Ka ga likita tun kana tudu, ka gwada maganin a gida, don wani yana sa barci ƙwarai, kuma a sha shi kafin tashi, ba bayan amai ya fara ba. In ya taso, ka fito sama, ka karɓi sitiyari, ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan ko ba ka so.

Yayar Zaure: Ƙwarai. Shi ya sa nake dafa abincin kwana uku tun muna tasha, in zuba a robobi masu murfi. Babu mai iya tsayawa gaban murhu a ranar farko. Fitilar goshi, rigar ruwan sama, gorar ruwa, kowa ya ajiye nasa inda hannu zai kai ido rufe. Minti biyar na lalube a cikin jirgi, kai a sunkuye, su ke kayar da mutum.

Sabon Shiga: Na gode, Yaya. Gadin dare fa, yaya ake raba shi?

Tsohon Matuƙi: Awa uku-uku, mutum ɗaya. Kowa zai samu awa tara na hutu.

Yayar Zaure: A nan kam ban bi ka ba, Malam. Darare biyun farko a yi bibbiyu, ko da barcin zai ragu. Na taɓa barin sabon shiga shi kaɗai ƙarfe biyun dare, ya ga fitilar jirgin dakon kaya, ya ji nauyin tashe ni har sai da ta matso. Har yau abin yana damuna, don laifina ne, ban faɗa masa a fili ba cewa tashin kyaftin ba abin kunya ba ne. Irin waɗannan jirage, daga hango su zuwa isowarsu wani lokaci bai fi minti 20 ba. A leƙa ko'ina duk minti 10 zuwa 15, kada a dogara da na'urar AIS mai nuna inda sauran jirage suke ita kaɗai, ba kowane jirgi take nunawa ba.

Tsohon Matuƙi: Na karɓa. Ƙari ɗaya da ba na sassauci a kai: da dare, rigar ceto a jiki, igiyarka a maƙale da jirgi tun kafin ka fito. Ba mai zuwa gaban jirgi sai wani na kallonsa. Kuma ku ɗaure sandar babban filafili da igiya ta gaba, don iska daga baya za ta riƙa zuwa muku, in sandar ta juyo babu shiri tana iya fasa kai.

Mai Gadin Asuba: Kuma in an ce ka kwanta, ka kwanta, ko rana tsaka ce. Murnar ranar farko takan hana kowa barci, sai dare na biyu ka ga mutum huɗu duk sun gaji lokaci guda. Ka sayi abin toshe kunne, jirgi ba ya shiru.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. Gobe zan tuntuɓi kyaftin kan gadin bibbiyu.