Muryar da ke riga mawaƙi fitowa: ado ce ko aibi?

Auwal: Jama'a, wa ya lura da wannan? A wasu tsofaffin waƙoƙi, idan ka ƙure sauti, kafin mawaƙi ya buɗe baki sai ka ji muryarsa can ƙasa-ƙasa ta faɗi kalmar farko, sannan ta ainihin ta biyo baya. Ni na tsaya a kan cewa masu haɗa sauti na wancan zamani da gangan suke sa ta, don su shirya kunnen mai sauraro.

Malam Habu: Auwal, ba wanda ya sa ta. Daga tef take. Tun da kamfanin AEG na Jamus ya nuna na'urar ɗaukar sauti ta Magnetophon a 1935, da maganaɗisu ake ajiye sauti a jikin tef. Idan aka naɗe shi, kowane zagaye yana kwance a kan ɗan'uwansa, sai wurin da sauti ya yi ƙarfi ya ɗan shafi na kusa da shi, kamar ka rufe littafi tawada ba ta bushe ba. Zafi da daɗewa a ajiye suna ƙara abin, kuma ya fi kama tef mai siriri, irin na kaset ɗin C-120 mai minti 120.

Hajiya Binta: Malam, ka ɗora wa tef laifin duka. Faifan garmaho ma yana yi. Lokacin da ake yanka faifan farko, samansa laushi ne da shi. Idan allura tana yanka sauti mai ƙarfi, takan ture bangon layin da ke maƙwabtaka da ita, wanda ta riga ta yanka, sai inuwar sautin ta zauna a can. Wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanonin Teldec da Neumann na Jamus suka fito da yanka a kan tagulla a farkon shekarun 1980.

Malam Habu: Hajiya, ban musa ba. Amma me za ki ce da CD? Babu allura, babu layi, kuma ana jin muryar a wasu tsofaffin waƙoƙin da aka sake fitarwa. Daga tef ɗin asali aka kwafo, aibin ya biyo.

Auwal: To kun ga, ku kanku ba ku daidaita ba. Tun da dalilin bai tsaya wuri ɗaya ba, me zai hana a ce niyya ce?

Hajiya Binta: Ɗana, agogo zai raba mu. Babban faifai yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, wato kowane juyi daƙiƙa 1.8 ne, daga bakin faifai har cikinsa. Idan ka auna ka ga tazarar muryar da ta ainihin 1.8 ce a kowace waƙa, to faifai ne. A ƙaramin faifai mai juyi 45, tazarar daƙiƙa ɗaya da sulusi ce. Na tef kuwa ba ya tsayawa, domin zagayen da ke bakin naɗi ya fi na kusa da cibiya tsawo, sai tazarar ta riƙa sauyawa yayin da ake tafiya. Wane mai haɗa sauti ne zai zauna yana daidaita adonsa da faɗin naɗin tef?

Yaya Sale: Ina tare da Hajiya, kuma ga wata hujjar. Ma'aikatan sutudiyo suna ajiye tef a yadda ya ƙare, ba sa mayar da shi farko sai za a kunna. Yin haka yana sa amon da ya fi ƙarfi ya faɗo bayan sauti, inda wutsiyar kiɗan za ta rufe shi. Mutum ba ya shan wannan wahala don ɓoye abin da yake alfahari da shi. Sai dai Auwal yana da ɗan gaskiya: akwai mawaƙan da suka juya tef baya suka sa amsa-kuwwa da gangan. Amma wannan a fili take fitowa, tana kumbura har ta haɗu da murya, ba ta tsayawa daban can ƙasa.

Auwal: Na ji batun agogon, zan auna. Amma ko aibi ne, ban yarda a goge ta da kwamfuta ba. Haka muka san waƙoƙin.

Malam Habu: Nan ma mun raba hanya. Mawaƙin shiru ya bari a wurin, kuma shirun na cikin waƙar. Idan an riga an faɗa maka abin da ke zuwa, shigowar ganga ba za ta girgiza ka ba.

Hajiya Binta: A goge a kwafin da za a sayar, na yarda, in dai ba za a tafi da numfashin mawaƙi da amon ɗakin ba, don masu tsaftacewa sukan wuce gona da iri. Amma a fara kwafe tef ɗin asali yadda yake, a ajiye kwafin ba a taɓa shi ba.

Yaya Sale: Kuma kafin a kwafe, a warware tef ɗin a sake naɗewa ƴan lokuta. Hakan kaɗai yakan rage amon, ba tare da an taɓa kiɗan ba.