Kompartiman ɗin nan, ɗaki ne ko zango?

Jama'a ku zo ku raba mu. Jiya a fada muna shan shayi ƙanena mai karatun likita ya kawo zancen kompartiman, wato yadda ake kasa jiki kashi-kashi don a lissafa tafiyar magani, na ce to da Hausa fa? Ya ce ɗaki. Ni dai ɗaki bai kwanta mini ba.

Ɗaki yana da bango, wannan kuwa ko an feɗe mutum ba a ganinshi, lissafi ne, tun 1937 Torsten Teorell ɗan ƙasar Suwidin ya aza tubalinshi. Abin da ke haɗa gaɓoɓi kashi guda shi ne saurin da jini ke kai musu magani. Zuciya na tura wajen lita 5 a minti, ƙoda kaɗai na kwashe kusan ɗaya bisa biyar, hanta wajen kwata, shi ya sa su da huhu da jinin kanshi nan da nan magani ke game su, ana ƙirga su tare ba don maƙwabtaka ba. Tsoka da fata da kitse kuwa sai a hankali.

Wani ya ce rumbu. Ga nibakin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ya dace wallahi, don tana shigewa naman jiki ta yi makonni, amma jini ai ba ya ajiya. Wani ɗan Mirya ya ce fangali, na so shi ƙwarai, sai dai ruwan da ya shiga fangali ba ya komawa rijiya, magani ko yana dawowa jini kafin hanta da ƙoda su fidda shi.

Ni zango na zaɓa, ba don ni ɗan unguwar Zango ba ne. Fatake su sauka, su tashi, su sake biyowa ta nan a hanyar komawa. Dubi tiyopental, maganin sa barci kafin aikin tiyata, mutum ya farka cikin mintoci kaɗan ba don maganin ya fita ba, tashi ya yi daga ƙwaƙwalwa ya sauka tsoka. Sai mu ce su jini da hanta da ƙoda zangon tsakiya, su tsoka da kitse zangon gefe.

Ƙanena ya ce yaya, a Najeriya fa zango na karatu ne, zangon farko zango na biyu, ɗaliban Kano za su rikice. Mutanen Kano kuna ina, da gaske zai rikita ku?